Makon farko a jami'a: wai ni ce mai samar wa mutane aiki

Litinin, bayan magariba

Safiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yaya Nasiru ya matsa sai na riƙa ba ku labari kullum, to ga na yau. Da safe na kama aikin koyarwa a jami'a, nan gida Kebbi, bayan shekara tara ina aikin asibiti a kudu. An ba ni tebur a ofishin da muke mu uku, makulli kuma ɗaya ne, wanda ya riga zuwa shi ke da ofis. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai wajen cike takardu ya faru. Mai karɓar fayil ya duba sunan abin da na karanta, okupeshinal terafi, ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, ashe ke ce mai samar wa mutane aiki? Ina da ƙane ya gama bautar ƙasa, shekara biyu yana zaune.” Na yi dariya na ce ba haka ba ne. Ya ce to mene ne? Wallahi sai ga ni ina kame-kame. Shekara tara ina yin abu, ban taɓa zama na faɗe shi da Hausa a numfashi ɗaya ba.

Nasiru: Allah ya sanya alheri ƙanwata. Amma bawan Allahn nan bai yi laifi ba. Ni da na biya miki kuɗin fom, har gobe gashin ƙashi nake ce wa mutane kina yi.

Mustafa Gusau: A'a Yaya Nasiru, gashin ƙashi namu ne, kada a ƙwace mana suna. Mu ma ba mu so shi ba, don ba gashi kaɗai muke yi ba, amma tunda ya bi mu mun haƙura. Hukumar rajistarmu ɗaya da su Anti Safiya, MRTB, wadda aka kafa a 1988, sai dai aikin ya bambanta.

Safiya: Yauwa Mustafa. Bari in gwada. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya daidaita hawan jininsa. Mustafa ya yi ta fama da shi har ƙafa ta ɗauki nauyi, hannu ya fara ɗagawa. An sallame shi ya koma gida. To ya zai yi alwala? Ya zai sa riga? Ya zai shiga bayi, alhali na tsugunno ne? In mai shago ne a kasuwar Jega, ya zai ƙirga canji da hannu ɗaya? Daga nan aikina yake farawa. Ni ba hannun nake dubawa kaɗai ba, abin da mai hannun ya saba yi da shi nake dubawa.

Anti Kulu: To ki ce mai mayar da mutum harkarsa mana. Mene ne na kame-kame?

Safiya: Anti, kin ga a minti ɗaya kin yi abin da ya gagare ni da safe. Na rubuta shi a bayan littafina.

Baba Alhaji: Ɗiyata Allah shi yi miki albarka. Amma ni wanga aiki naki bai shige ni ba. Mu abin da munka taras, in tsoho yak kwanta, ɗiyanshi ka ba shi abinci, su ka yi mai alwala, su ka ɗaga shi. Nan ladarsu take. Ke kuma kin zo ki ce shi yi da kainai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Safiya: Baba, ba ya ɗaukar jinka, amma yana ɗaukar loma. Zan dawo kan maganar nan, don ita ce babbar gardamar da nake sha da iyalan marasa lafiya. Yanzu dai an ɗauke wuta kuma cajina ya kusa mutuwa.

Talata

Safiya: Yau babu aji. Shugaban sashe ya kira ni ya ce dalilin ɗaukata biyu ne. Zan riƙa koyar da darasi ɗaya ga ɗaliban fannin lafiya, sannan zan shiga kwamitin da ke tsara yadda wata rana za a buɗe wannan karatu a matsayin digiri mai zaman kansa. Ya miƙo mini kundin manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022. Tsarin shi ne kashi 70 na abin da za a koyar hukumar ce ta tsara wa kowa, kashi 30 kuma an bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da inda take. Tun da rana nake juya kashi 30 ɗin nan a kaina. Littattafan da na karanta a makaranta duk na Amurka da Ingila ne. A ciki ana koya maka yadda mara lafiya zai shiga kwamin wanka, yadda zai riƙe wuƙa da cokali mai yatsu, yadda zai hau bene. Ban taɓa ganin shafi ɗaya a kan tuƙa tuwo, ɗaura zani, goyon yaro ko riƙe buta ba. Su nake so in zuba a kashi 30 ɗin.

Dakta Bashir: Malama Safiya barka da shigowa cikinmu, sai haƙuri. Shekarata goma sha huɗu a aikin nan, bari in faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Na farko, kwamiti ba ya sauri. Na biyu, yaran da za ki yaye, mafi yawansu idonsu na kan Ingila da Saudiyya. In kika cika musu kai da muciya da buta, ranar da suka zauna jarabawar waje sai su zage ki. Fannin nan can aka haife shi, can yake da kasuwa. A koya shi yadda masu shi suka tsara.

Safiya: Ranka ya daɗe, na yarda can aka haife shi. A Amurka aka kafa ƙungiyarsa ta farko a 1917, ya kuma bunƙasa ne wajen jinyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma da me suka yi jinyar? Da saƙa, da sassaƙa, da ɗinkin fata, wato sana'o'in da mutanensu suka sani a lokacin. Ashe in na ɗauko saƙar tabarma ko gyaran taru ban kauce wa masu shi ba, su na bi. Kuma kashi 70 na nan daram, babu mai taɓa shi. Ilimin jijiya da tsoka ɗaya ne a London da Yawuri.

Dakta Bashir: A takarda kin yi gaskiya. Mu haɗu bayan zama uku na kwamiti.

Halima Zuru: Dakta ka bar ta ta ɗan ji daɗin makon farko mana. Anti Safiya ni nas ce, kuma abin da kika faɗa jiya game da bayi shi ne ciwon kanmu. Muna sallamar mutum da takardar magani, bayan wata biyu a dawo da shi da gyambon kwanciya, saboda tun da ya koma gida ba a sake zaunar da shi ba. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda ɗakinsa yake.

Nasiru: Albashi fa? Ko shi ma sai bayan zama uku?

Safiya: Yaya ka daina tona asiri a zaure. An ce sunana yana hanya.

Laraba, da dare

Safiya: Yau na shiga aji karo na farko. Ɗalibai sun haura ɗari, fanka biyu ke juyawa. Na shirya bayani shafi takwas, ina tsayawa a gabansu sai na ajiye shi. Na kira mutum shida, maza uku mata uku, na sa aka ɗaure wa kowa hannun dama a jiki da gyale. Na ba ɗaya ledar ruwa na ce ya buɗe ya sha, ɗaya ya cire hula ya sa riga mai maɓalli, ɗaya ta ɗaura ɗankwali, ɗaya ya nuna mana alwala da buta. Aji ya kaure da dariya. Mai riga ya yi minti huɗu yana kokawa, don ya fara zura lafiyayyen hannun. Na nuna musu ƙa'idar: hannun da ya shanye shi ake fara zurawa in za a sa riga, shi ne kuma na ƙarshe in za a cire. Da mai buta ya zo wanke hannunsa na hagu, ya rasa da me zai cuɗa shi, sai dariyar ta mutu da kanta. Wata yarinya a baya ta ce, “Malama, haka babana yake.” Ban koma kan shafukan nan takwas ba har lokaci ya cika.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Zauren da muka yi darasin matakala bakwai gare shi, babu gangaren keke. Akwai ɗalibi mai keken guragu, abokansa huɗu ne suka ɗauke shi da keken suka hau da shi, kuma na ga alamar kullum haka ake yi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ina tsaye ina koyar da yadda ake sauƙaƙa wa mutum rayuwa, a ɗakin da shi kansa bai sauƙaƙa ba.

Anti Kulu: Allah sarki. Amma abokan nan nasa Allah ya biya su.

Baba Alhaji: To kin gani ɗiyata. Abin da nika hwaɗi kenan. Yara huɗu sun samu lada kullum. In anka yi gangare, wa za ya ɗauke shi?

Safiya: Baba, da izininka yau zan amsa maka da tsawo. Na tambayi yaron bayan darasi. Ya ce ranar da abokan suka makara, a ƙasa yake zama yana jin darasi ta taga. Ya ce kuma ba ya shan ruwa da safe, don kada fitsari ya kama shi ya sake neman masu sauke shi. A zafin nan namu fa, Baba. Ladar su huɗu tana nan, amma shi ƙishirwa yake biya da ita.

Haka abin yake a gida. Na taɓa jinyar wani dattijo, ba zan faɗi garinsu ba, 'ya'yansa tara, babu abin da ba su yi masa. A baki ake ba shi abinci, a kwance ake masa alwala. Ranar da muka keɓe ya ce mini shi ba abincin ne damuwarsa ba, surukarsa ce ke ganin tsiraicinsa in za a kai shi bayi, kuma ya gwammace mutuwa da haka. Mun sa kafinta ya huda kujerar katako a tsakiya, aka ɗora ta a kan masai, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, aka rataye buta da igiya daidai hannunsa. Kuɗin duka bai kai na kwalin magani ɗaya ba. Ranar da ya shiga ya rufo ƙofa da kansa, ya fito yana hawaye. 'Ya'yan ba su rasa lada ba, su suka biya kafinta, su ke rako shi har bakin ƙofa. Abin da suka daina kawai shi ne shiga.

Kuma akwai dalilin lafiya. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana sake koyon aiki ne ta hanyar maimaitawa, musamman a watannin farko. Hannun da ake yi wa komai, mantawa da shi take yi. Tausayin da ya hana mutum motsi yakan sandarar da gaɓar da za ta iya dawowa.

Malam Sani: In sa baki kaɗan ta fuskar addini. Hadisin Imrana bin Husaini sananne ne: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ba a ce wani ya yi maka ba, an ce ka yi gwargwadon ikonka. Ina ganin aikin Malama bai fita daga wannan ba. Sai dai ina da tambaya. Wanda damansa ya shanye, kina koya masa ci da hagu?

Safiya: Allah ya gafarta Malam, nan ne nake shan wahala. Muna fara gwada daman, mu naɗe mariƙin cokali da robar cikin tayar keke ya yi kauri yadda yatsu za su iya damƙa, ko mu ɗaura shi a tafin hannu. In ya ƙi, sai hagu. Amma akwai waɗanda za su kwana da yunwa da su kai hagu baki a gaban mutane. Irin waɗannan ba ni suke son ji ba, ku suke son ji.

Malam Sani: Lalura tana da hukuncinta, babu laifi a kan wanda ba shi da iko. In kina so, ranar da za ki koyar da wannan ki kira ni in zo in faɗa wa ɗaliban da bakina.

Baba Alhaji: Maganar surukar nan ta shige ni. Ban ce na yarda duka ba.

Alhamis

Maman Walid: Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba, amma tun Litinin nake bi. Ɗana shekararsa huɗu, bai zama, bai riƙe wuya sosai. Da aka haife shi ya yi shawara, idonsa ya yi ɗorawa, muka tsaya jiƙe-jiƙe har kwana shida kafin mu je asibiti. An ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mutane na cewa shan inna ne, wasu su ce iska. Kullum yana kwance a tabarma, in ina ba shi kunu sai ya shaƙe. Anti akwai abin da za a yi, ko sai haƙuri?

Safiya: Maman Walid, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki lada. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma ga abin da zan iya faɗa. Shan inna daban ne, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma tun Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da nau'insa na asali, wanda ake kira na daji. Irin abin da kika bayyana yakan biyo bayan shawara mai tsanani, ko doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin da ya riga ya faru ba ya gogewa, ba ya kuma ƙaruwa, amma abin da yaro zai iya yi yana ƙaruwa ƙwarai in an taimaka masa. Abu na gaggawa: ki daina ba shi abinci a kwance. Ki zaunar da shi a cinyarki, bayansa a jikinki, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, kunun ya yi kauri kaɗan, cokali ƙarami, ki jira ya haɗiye. Shaƙewar nan ita ke kai abinci huhu ta jawo ciwon haƙarƙari. Sannan ana yin kujerar zama ta irin yaran nan da kwalin kaya da ruwan fulawa, a manna shi ninki-ninki ya bushe ya yi ƙarfi kamar katako. Na yi su da yawa. Ki yi mini magana ta gefe mu sa rana in gan shi.

Mustafa Gusau: Ki je Maman Walid, kada ki ja lokaci. Anti Safiya, wannan ya tuna mini yaranmu na Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ta 2010, a su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara wajen 400. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi aikin fitar da gubar daga jini, an kwashe ƙasar gidaje. Amma waɗanda suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa yanzu samari ne da 'yan mata. Aikin da suke buƙata irin naku ne, ku kuma babu ku a can. Ni tun da na fara aiki ban taɓa zama asibiti ɗaya da mai fanninku ba.

Safiya: Shi ya sa na dawo, Mustafa. Wuraren da aka daɗe ana koyar da shi suna kudu, kamar makarantar tarayya ta Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife. Wanda ya karanta a can, da wuya ya zo Anka ya zauna, kuma ko ya zo sai an yi masa tafinta. Aikin da rabinsa hira ce da uwa a tsakar gida ba ya yiwuwa da tafinta.

Dakta Bashir: A nan kam na ba ki gaskiya. Har yanzu dai ina kan bakana game da kwamiti.

Juma'a, bayan la'asar

Aminu Aliero: Anti, tun jiya nake son tambaya. Mu garinmu an san mu da albasa da ɗori, daga nesa ake kawo masu karaya. A manhajar taki masu ɗori abokan gaba ne ko abokan aiki?

Safiya: Aminu, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ba zan ce wa ɗalibaina su raina su ba, don mutanenmu can suke fara zuwa, kuma za su ci gaba da zuwa ko mun so ko mun ƙi. Abin da na gani da idona shi ne illar ɗauri mai tsanani. In aka matse karan ɗori a hannun yaro, hannu ya kumbura a ciki, jini ya kasa wucewa, cikin sa'o'i tsoka tana mutuwa. Ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma yatsu sun ƙanƙance sun lanƙwashe har abada. Da zan samu zama da su, abu uku kawai zan roƙa: a bar yatsu a waje ana ganinsu, in sun yi sanyi ko sun canza launi ko ciwo ya ƙi lafawa a sassauta nan take a tafi asibiti, sannan bayan an kwance a turo mana mu koya wa hannun aiki. Ni ma ina da abin koyo a wurinsu. Robar da muke tsomawa a ruwan zafi mu lanƙwasa ta a hannun mutum daga waje ake kawo ta, da dala ake saye, kuma in ka manta ta a mota a watan Afrilu ka dawo ka tarar ta narke ta zama wani abu daban. Su kuwa kayan aikinsu a bayan gida yake tsirowa.

Aminu Aliero: Kawuna yana yi. Zan gwada masa maganar, amma ki zo da kanki, kuma kada ki zo da farar riga.

Ɗan Argungu: Ni kuma nawa roƙon, in kin zo kan masunta ki neme ni. Babanmu tun da ɓarinsa ya shanye bai sake taɓa homa ba, yana zaune yana kallon gulbi. Ko gyaran taru ne a koya masa da hannu ɗaya.

Safiya: Ana iya kafe tarun a turke ko a maƙale shi a babban yatsan ƙafa, lafiyayyen hannu ya yi ɗinki, mai rauni ya danne. Sai na ga yadda yake zama tukuna. Kuma don Allah in za ku tayar da shi kada ku ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Ta ƙugu ake tallafarsa.

Kwamiti ya ɗage zaman farko zuwa mako na sama, Dakta kada ka ce komai. Na rubuta takardar neman gangare a zauren darasi, shugaban sashe ya sa hannu ya ce in kai ofishin ayyuka da kaina. Ranar Litinin kuma ina son shiga aji da kayan gida. Ina da buta da tabarma. Wa zai ara mini muciya, tukunya da turmi ƙarami?

Anti Kulu: Muciya da tukunya suna wurina, ki aiko yaro gobe. Turmin Hajiya Inna ne ƙarami, amma sai kin je da kanki, ba ta ba da aro ta waya.

Baba Alhaji: Ɗiyata, kujerar nan da kafinta ya huda, tsawonta nawa? Ba don ni ba. Wani abokina na.

Safiya: Baba, a zaunar da abokin naka a kujera, tafin ƙafarsa a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa. Ka turo mini awon, zan zana wa kafintan.